RA'AYINMU: Sauya Gaɓar Ƙugu, Rabin Aikin a Asibiti, Rabi a Gida

Duk wanda ya saba zagaya kasuwanninmu, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako da Wadata a Yamai, ya san mutanen da za mu yi magana a kansu yau. Akwai hajiya mai atamfa wadda ta shekara talatin tana buɗe rumfa tun da hantsi, yanzu sai an kama ta kafin ta sauko daga adaidaita. Akwai dattijo mai awon hatsi da ba ya iya duƙawa gaban buhu, ya bar wa yaro tiya, yana kallo ana yi masa awon da ba ya so. Akwai matashi mai sikila, shekara ashirin da ƴan kai, yana ɗingishi kamar tsoho. In ka tambaye su, amsar ɗaya ce: sanyi ne. Ana shan ƙwaya, ana yin ƙaho, ana shafe-shafe, jari yana narkewa, ƙafa kuma tana ƙara gajarta.

Da yawa daga cikinsu gaɓar ƙugu ce ta lalace, kuma akwai aikin fiɗa da ake yi a sauya ta. Wannan jarida ta ga ya dace ta yi wa ƴan kasuwa, maza da mata, bayani a fili kan wannan aiki, domin kuɗinsa mai yawa ne, kuma mutum yana iya biyan kuɗin cif, likita ya yi aikinsa da kyau, sannan a ɓata komai a gida cikin mako biyu saboda rashin sani.

Bari mu fara da abin da yake faruwa a cikin jiki. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana juyawa a cikin wani kwarmi na ƙashin ƙugu, da guringuntsi mai santsi a tsakaninsu. Abubuwa uku ne suka fi lalata wannan gaɓa a wurinmu. Na farko, sauɗewar guringuntsi saboda shekaru, da nauyin jiki, da tsohon rauni, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Na biyu, mutuwar kan ƙashin saboda jini ya daina isa gare shi. Wannan shi ne yake kama masu sikila tun suna matasa, yana kuma kama masu daɗewa suna shan ƙwayoyi irin su deksametazon, waɗanda wasu ƴan uwanmu mata suke saye a kan tire don su yi ƙiba. Na uku, karayar wuyan ƙashin cinya, wadda takan sami tsofaffi idan sun zame a makewayi ko sun faɗi a tsakar gida.

A kan wannan karaya muna da magana da babbar murya. Idan tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, aka ga ƙafar ta gajarta ta karkace waje, a kai ta asibiti a ranar, a ɗauki hoton ƙashi. Ba mu raina maɗora ba, amma wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, inda kara da tsumma ba su kaiwa, kuma sau da yawa takan tsinke jijiyoyin jinin da suke ciyar da kan ƙashin. Likitoci sun fi son a yi aikin cikin kwana biyu. Tsohon da aka kwantar wata uku ana jiran ɗori ya kama, gyambon kwanciya da ciwon huhu su ne suke gamawa da shi.

Shi aikin ba sabon abu ba ne a duniya. Wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya daidaita shi a 1962. Ana yanke lalataccen kan ƙashin, a soka ƙarfe cikin ƙashin cinya mai ɗauke da sabuwar ƙwallo, a sa wani ƙoƙo na roba mai tauri ko na tangaran a cikin kwarmin. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, ko da allurar baya mai kashe rabin jiki, ko da maganin barci. A 2019 mujallar likitoci ta The Lancet ta duba bayanan aiki sama da dubu 200 daga ƙasashe masu arziki, ta samu cewa kusan tara cikin goma na waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 15, kusan shida cikin goma kuma suna kai shekara 25. Ke nan kaya ne mai ƙarko, amma yana da iyaka. Wanda aka yi wa yana da shekara talatin ya sa a ransa wata rana za a iya sake masa, don haka ya riƙe ta da kyau.

Ɗan kasuwa ba ya ɗaura kaya zuwa Kwatano ko Kano sai ya yi lissafi. To, wannan tafiya ma lissafi uku gare ta: na jiki, na aljihu, da na gida.

Lissafin jiki yana farawa makonni kafin ranar fiɗa. Mai ciwon sukari ya tabbata sukarinsa ya daidaita, domin sukari mai yawa yana hana rauni warkewa, yana kuma gayyato ƙwayoyin cuta. Mai hawan jini ya riƙe maganinsa. A auna jini, in ya yi ƙaranci a gyara tun da wuri, a kuma tanadi ƴan uwa masu ba da jini, kada a tsaya neman su ranar da aka shiga ɗakin fiɗa. Ruɓaɓɓen haƙori, da maruru, da gyambon ƙafa, da ciwon fitsari, duk a magance su tukuna, saboda ƙwayar cuta tana bin jini ta je ta maƙale a jikin ƙarfe, kuma in ta kama can, fitar da ita ya fi aikin farko wuya da tsada. Mai shan sigari ya ajiye aƙalla wata guda kafin aiki. A kwashe duk abin da ake sha, ƙwayar farmasi da ta kan tire, da jiƙo da gari da sassaƙe, a zube gaban likita ba tare da kunya ba, domin wasu, kamar asfirin, suna tsinka jini. Wanda ya daɗe yana shan deksametazon kada ya yanke shi rana ɗaya da kansa, likita ne zai nuna masa yadda zai rage a hankali. Mai sikila kuwa, dole likitan ƙashi ya yi shawara da masu kula da sikilarsa, kamar na cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo da ke Yamai, domin yana buƙatar tanadi na musamman na jini da ƙarin ruwa. In an ce kada a ci komai daren aiki, to har kunu da fura suna ciki.

Lissafin aljihu shi ne inda muka fi ganin ana tafka kuskure. Mutane sukan tambayi kuɗin aiki kawai, su manta sauran. A nemi takarda a rubuce mai nuna kuɗin ita gaɓar, da na ɗakin fiɗa, da na gado, da na gwaje-gwaje da hotuna, da na magungunan da za a sha bayan an koma gida, da na mai koyar da motsa jiki. A ƙara kuɗin mota, da masauki da abincin mai jinya, da cefanen gida na wata uku da ba za a je kasuwa ba. A watan Agusta na 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Mai zuwa asibitin gwamnati ya tambaya dalla-dalla abin da ragin ya shafa cikin takardarsa, ya biya a wurin biyan kuɗi, ya karɓi rasit. A yi hattara da ƴan kamasho masu tare mutane a ƙofar asibiti ko a waya suna cewa sun san hanya. Araha ba ta ado. A tambayi likita kai tsaye: wace irin gaɓa za ka sa mini, kuma wa zai duba ni in wani abu ya taso?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ga masu niyyar fita waje. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, masu hali kuma suna zuwa Tunisiya ko Maroko ko Indiya. Ba mu hana kowa ba. Amma mu tuna an rufe iyakarmu da Nijeriya daga Agustan 2023 har Maris na 2024. Wanda zai yi aiki a nesa ya nemi likitan ƙashi a gida tun kafin ya tafi, wanda ya yarda zai ci gaba da duba shi, ya kuma dawo da takardar aikin da hotuna da sunan gaɓar da aka sa masa. Haka ma mai zuwa Yamai daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ko daga Maraɗi, fiye da kilomita 600, ya shirya zama kusa da asibiti har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14, ya kuma nemi izinin likita kafin ya hau mota. Dogon zama wuri ɗaya bayan wannan aiki yana daskarar da jini a ƙafa.

Shawararmu ga mata masu sana'a ita ce kada a cinye uwar kuɗi gaba ɗaya. In ba karaya ba ce, aikin yana jiran wata biyu ko uku a shirya. A nemi a ba ki ɗaukar adashi a watan da ya dace, a karɓo bashin da ke hannun mutane, a rage sarin kaya, a zauna da ƴaƴa da ƴan uwa kowa ya faɗi abin da zai kawo. A zaɓi wanda zai riƙe rumfa, a ƙirga kaya a gaban shaida, a rubuta. Mace da ta san rumfarta tana hannun amana tana iya kwanciya ta warke. Wadda zuciyarta take kasuwa kuwa, mako uku ba za su cika ba za ka gan ta bayan kabu-kabu.

Lissafin gida shi ne wanda ba a cika faɗa wa mutane ba, domin takardun da ake rubutawa kan wannan aiki an yi su ne don gidajen da ake zama a kan kujera, mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke zama, a tsugune muke kewayawa, a duƙe muke shara da wanki da girki. Sabuwar gaɓa kuwa tana iya gocewa daga kwarminta kafin naman da ke kewaye da ita ya yi ƙarfi, wato cikin mako shida zuwa goma sha biyu na farko. Dokokin sun danganta da ta inda likita ya tsaga, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe, amma yawanci uku ne: kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo in an zauna, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa jiki alhali ƙafa tana kafe a ƙasa.

Saboda haka, tun kafin a tafi asibiti a kira kafinta. A tanadi gado mai tsawon da in an zauna bakinsa ƙugu zai ɗan fi gwiwa bisa, da katifa mai tauri. A tanadi kujera doguwa mai hannuwa, a ɗauke kujera ƴar tsugunno daga ɗakin. A yi kujera mai rami a tsakiya, a ɗora ta bisa ramin makewayi ko a sa bokiti a ƙarƙashinta, a kafa ƙarfe ko icce mai ƙarfi a bango na kamawa. Wanka a zaune bisa doguwar kujera, wani ya wanke ƙafafu. A kwashe tabarmi da igiyoyi da turmi da kwanoni daga hanya, a cike ramukan tsakar gida, a ɗaure awaki. A ajiye cocila kusa da gado saboda ɗaukewar wuta, a ɗaura gidan sauro yadda ba zai harɗe ƙafa ba. Buta da ruwan sha da waya su kasance a bisa tebur, inda hannu zai kai ba sai an duƙa ba. In za a kwanta a gefe, a sa matashin kai tsakanin gwiwoyi.

Sai maganar salla, wadda ita ce ta fi damun dattawanmu. Addini ya yi sauƙi ga mara lafiya, ya yarda ya yi salla a zaune, ya yi nuni da ruku'u da sujada. Muna roƙon malamai su faɗi wannan a fili, su je har gida su kwantar da hankalin mai jinya, domin akwai waɗanda suke jin nauyin a gan su bisa kujera, su sauka ƙasa su yi sujada tun rauni yana ɗanye. Likita ne zai faɗi lokacin da za a iya komawa ƙasa.

Mai jinya ma a zaɓe shi tun da wuri, babba mai hankali wanda zai kwana ɗakin aƙalla mako biyu na farko. Kada a cire yarinya daga lakwal a ɗora mata wannan nauyi. A raba kwanaki tsakanin manya. Ya kamata mai jinyar ya kasance a wurin lokacin da ake koya wa mara lafiya sauka daga gado da riƙe sanduna, don ya ga da idonsa.

Bayan aiki, abin da zai ba mutane mamaki shi ne za a tayar da mara lafiya ya taka a ranar ko washegari. Wannan ba mugunta ba ce. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ita ce take hana jini daskarewa, take dawo da ƙarfin cinya. Ƙaunar da za ta sa a ce wa Inna ta kwanta kada ta motsa, cutarwa ce. A yi motsin da aka koyar kullum, safe da rana da maraice. In an koma sanda ɗaya, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen da aka yi aiki ba. Wajen hawa dakali lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka kuma wadda aka yi wa aiki. Maganin hana daskarewar jini, allura ko ƙwaya, yakan kai mako huɗu zuwa biyar. A saye shi cikakke, kada a tsaya a rabi don an ji sauƙi. Rauni a bar shi a bushe a rufe, kada a barbaɗa masa gari, ko toka, ko man shanu, kada a gasa shi da ruwan zafi. A ci wake, da ƙwai, da kifi, da nono, da nama, da zogale, a sha ruwa sosai. Masu zuwa dubiya, Allah ya ba da lada, amma a taƙaita zama, kuma kowa ya riƙe maganin da ya zo da shi.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida. Masassara, ko da an zaci ta sauro ce, a je a gwada, a kuma faɗa cewa an yi aiki. Rauni ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi. Ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Ciwo mai tsanani ya taso nan take, ƙafa ta gajarta ko ta karkace, mutum ya kasa takawa: gaɓa ta goce ke nan, kada kowa ya ja ta, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti.

Yaushe za a koma kasuwa? Mai zama yana karɓar kuɗi yakan iya komawa bayan mako shida zuwa wata uku, in likita ya yarda, da doguwar kujerarsa, rabin yini tukuna. Ɗaukar buhu, da tulu a ka, da daka, da hawan kabu-kabu, da hawa bayan motar kaya zuwa kasuwar ƙauye, duk sai likita ya ba da izini, wasu ma gara a bar wa yara har abada. Ƙarfi yana ci gaba da dawowa har shekara guda. Sauri ya haifi nawa. Masu zuwa Makka ko Dubai su riƙe takardar likita, domin ƙarfen yakan sa na'urar bincike ta filin jirgi ta yi ƙara.

A ƙarshe muna da kira. Ga gwamnati: an ƙaddamar da babban asibitin Yamai da Sin ta gina a 2016, aka kuma gina irinsa a Maraɗi, da burin rage fita waje neman magani. Wannan buri ba zai cika ba sai an sami isassun likitocin ƙashi da masu koyar da motsa jiki a jihohi, an sayo gaɓoɓin a dunƙule don farashi ya sauko, an kuma liƙa farashin a bango kowa ya gani. Ƙasar da ta iya ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani tun 2006, tana iya duba matasa masu sikila da ciwo ya naƙasa suna tsakiyar ƙarfinsu. A kuma ƙara matsa wa masu sayar da ƙwayoyin ƙiba a kan tire.

Ga shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata: tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna wa duniya abin da dala-dala take iya yi in an haɗa ta. A ware asusun rashin lafiya, a sayi sanduna da kujerun makewayi ƴan kaɗan na ƙungiya a riƙa ba da aro, a kuma yi doka cewa rumfar mai jinya ba ta salwanta, ba a ba wani wurinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga maza kuma, matar da ta shekara ashirin tana cika tukunya da ribar teburinta ta cancanci wata uku na hutu ba tare da gori ba.

Ga mai ciwon kansa, alhaji ko hajiya: in ƙugu ya hana ka barci, ya hana ka sa takalmi, je ka a ɗauki hoto kafin ka ƙara sayen wata ƙwaya. Ba kowane ciwon ƙugu ne yake buƙatar fiɗa ba, wani magani da motsa jiki da rage ƙiba sun ishe shi, amma likitan ƙashi ne zai raba gardama. In ya ce sai an yi, a zauna a yi lissafin nan uku kafin a sa rana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, amin.